Darasi na Goma Sha Biyu: Ƙuda Mai Ido a Kan Tsinke da Hanyar Tabbatar da Sabon Nau'i

Tun daga shekarar 1984, sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gina domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, fadamun da suka miƙa daga Goronyo har Wurno suka ƙara samun ni'imar da a da sai da damina aka fi saninta, watau shinkafa kore shar a tsakiyar rani, alhali kuwa tudu ya bushe ƙurmus. Mutanen Rabah su ma, da yake garinsu na bakin Kogin Sakkwato, ba a bar su a baya ba wajen jawo ruwa zuwa gona da injin ban-ruwa. To, amma ruwan da ke rayar da shuka shi ne kuma ke rayar da ƙwarin da ke cin ta, saboda haka ya wajaba ga manomi mai neman ilmi ya san waɗanda ke zaune tare da shi a gona, da sunayensu da ɗabi'unsu, don kada ya yi musu hukunci ɗaya, ya hallaka mai amfani tare da mai ɓarna. A wannan darasi za mu ɗauki ƙwaro guda mai halittar ban mamaki, mu bi shi daga kan ganyen shinkafa har taskar malaman ƙwari, mu ga yadda ake gane nau'in halitta, da yadda ake sanya shi cikin danginsa, da kuma irin hujjar da ake nema daga bakin wanda ya ce ya gano sabo.

Siffarsa

Ƙwaron da muke nufi ƙuda ne siriri, tsawonsa wajen santimita ɗaya, ƙirjinsa baƙi mai sheƙi, cikinsa ja mai ruwan lemo, fukafukansa garau. Abin da ya raba shi da ƙudajen da muka saba da su yana ga kansa, domin idanunsa ba a fuska suke ba, kowane ido yana can a ƙarshen wani dogon tsinke da ya fita daga gefen kai, ɗaya dama ɗaya hagu, har wanda bai lura da kyau ba ya zaci ƙahoni ne. Yana son inuwa da damshi. Ana samunsa a gonakin shinkafa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ta Gabas, ya fi yawa a inda ruwan sama ya wadata, ko da yake yakan bi shinkafar ban-ruwa har cikin ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Idan kuwa rani ya tsananta, sai su tattaru da yawa a ƙarƙashin ciyawa da itatuwan bakin rafi, su yi ta jiran sabuwar shuka.

Allah Maɗaukakin Sarki ya buga misali da ƙuda a cikin Suratul Hajji, aya ta 73, domin bayyana gajiyawar abin da ake bauta wa baicinsa ga halittar ko da wannan ɗan ƙaramin abu, kuma lalle wanda ya tsaya ya kalli yadda ƙuda mai ido a kan tsinke ke fitowa duniya zai ƙara fahimtar girman misalin. A sa'ad da ya fasa kwanson da ya kwanta a ciki, tsinkayen nan gajeru ne, masu taushi, a takure. Sai ya riƙa haɗiyar iska da bakinsa yana tura ta cikin kansa, tsinkayen suna miƙewa a hankali har su kai iyakarsu, sa'an nan jikinsa ya bushe ya ƙandare, su tabbata a haka har ƙarshen rayuwarsa, ba ƙari ba ragi. A cikin kowane tsinke kuma akwai jijiyar gani wadda ta taso daga ido ta nufi ƙwaƙwalwa.

Sai dai a kiyaye, ido a kan tsinke shi kaɗai bai isa hujja ba, domin malamai sun sami irin wannan siffa a cikin dangogin ƙudaje har takwas waɗanda ba su da kusanci da juna. Alamar da ta keɓanci dangin da muke magana a kansa ita ce, 'yan ƙahonnin nan biyu da ƙwaro ke sansana abu da su, waɗanda a wurin sauran ƙudaje suke tsakiyar fuska, a wurinsu sun bi tsinken sun zauna daf da ido. Bayan haka akwai ƙayoyi biyu masu tsini a ƙarshen gadon bayan ƙirji, kuma cinyoyin ƙafafun gaba sun fi sauran kauri. Idan waɗannan alamu suka haɗu a jikin ƙuda, to, ya tabbata ɗan dangin da ake kira Diopsidae ne.

Abin da yake yi wa shinkafa

Babban ƙudan ba ya cin shinkafa, tsutsarsa ce mai ɓarna. Macen takan sa ƙwai ɗaya-ɗaya a kan ganyen shinkafa ƙarama, fari, dogo kaɗan, tsawonsa wajen milimita biyu, ta manna shi yadda ruwan sama ba zai wanke shi ba. Bayan kwana biyu ko uku tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta gangara ta cikin kuben ganye har ta isa ga ɗanyen tohon da ke tsakiyar kara, ta yanke shi ta ciki. Nan da 'yan kwanaki sai manomi ya ga ganyen tsakiya ya yi rawaya ya bushe, alhali na gefe suna nan kore, idan ya ja shi ya zare ba wuya, gindinsa a ruɓe. Tsutsa guda takan bar karan da ta kashe ta shiga wani, ta yi kimanin wata ɗaya tana haka, sa'an nan ta kwanta cikin kwanso a kuben ganye kwana goma zuwa goma sha biyu, ta fito ƙuda.

A nan ne shubuha take shiga, domin akwai wasu tsutsotsin kara, 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare, waɗanda su ma suke busar da tsakiyar shinkafa. Hanyar rarrabewa kuwa mai sauƙi ce ga wanda ya tsaga karan ya duba: tsutsar malam-buɗe-littafi tana da kai bayyananne mai duhu da 'yan ƙafafu, amma tsutsar ƙuda ba ta da ƙafa ko ɗaya, ba a kuma ganin kanta, fara ce mai ɗan rawaya. Haka nan ɓarnar ƙudan ta fi faruwa tun shinkafa na ƙarama, lokacin da take 'ya'ya, ba lokacin da ta fitar da kai ba.

Tsanin da ake hawa wajen rarraba halitta

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci ilmin manɗiƙi, ko da littafin Sullamu na Shaihu Ahdari ne kawai, ya san cewa ba a bayyana haƙiƙar abu sai an ambaci jinsinsa, watau taron da ya haɗa shi da waninsa, sa'an nan a kawo fasalinsa, watau siffar da ta raba nau'insa da sauran nau'o'in da ke cikin jinsin. Wannan ƙa'ida, wadda malaman Musulunci da na Turai duka suka gada daga hukama'u na Yunan, ita ce tushen ilmin rarraba halittu. Magabata sun yi rubutu mai yawa a kan dabbobi: Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan a ƙarni na tara na Miladiyya, Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya tattara nasa ya jera dabbobin bisa haruffan sunayensu. Amma jerin haruffa yana taimakon mai neman suna ne, ba ya gaya masa wace dabba ce 'yar'uwar wace.

Tsarin da duniya ke bi a yau ya samo asali daga wani malami mutumin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya koyar a Jami'ar Uppsala, kuma malaman dabbobi sun yi ittifaƙi a kan cewa daga bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, na shekarar 1758, ake fara lissafin sunaye. A bisa wannan tsari ƙudanmu yana cikin dabbobi; a cikin dabbobi yana sashen masu kwanso a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa, tare da kunama da gizo-gizo da ƙaguwa; a cikin waɗannan yana ajin masu ƙafa shida, su ne ƙwari na haƙiƙa; a cikin ƙwari yana rukunin masu fiffike biyu tak, wanda ake kira Diptera, tare da ƙudan gida da sauro da ƙudan tsando. Ku lura da cewa ƙudan zuma, duk da sunan da muke kiransa da shi, ba ya cikin wannan rukuni, domin fukafukansa huɗu ne, danginsa su ne zanzaro da rina da tururuwa. Daga rukuni sai dangi, shi ne Diopsidae. Daga dangi sai jinsi. Daga jinsi sai nau'i, wanda shi ne matakin ƙarshe, kuma a taƙaice ana nufin taron halittun da ke barbara a tsakaninsu su haifi irinsu.

Kowane nau'i yana da suna mai kalma biyu cikin haruffan Latin, ta farko sunan jinsi, ta biyu ta nau'in, a bayansu kuma akan rubuta sunan malamin da ya raɗa da shekarar da ya raɗa, domin a san wanda za a koma gare shi idan gardama ta tashi. Linnaeus da kansa ne ya kafa jinsin Diopsis a 1775, a kan wani ƙuda da aka kai Turai daga Afirka, wanda ya kira Diopsis ichneumonea. Daga wannan lokaci zuwa yau an bayyana nau'o'i fiye da 150 a cikin dangin, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya.

Suna uku a kan ƙuda ɗaya

Labarin sunan ƙudan shinkafa ya isa ya zama gargaɗi ga mai gaggawa. A shekarar 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, wani malamin Suwidin mai suna Dalman ya bayyana ƙudaje uku masu ido a kan tsinke da aka kawo daga Saliyo, ya kira ɗaya Diopsis macrophthalma, wani kuma Diopsis apicalis. A 1835 wani Bafaranshe, Macquart, ya bayyana wani ƙuda ya kira shi Diopsis longicornis. A 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Bello ya rasu aka binne shi a nan Wurno, wani Ba'ingile, Westwood, ya fito da sunan Diopsis thoracica. Kowannensu yana ganin abin da ke gabansa daban ne, domin a zamanin babu hoto, tafiya tsakanin taskokin ƙwari da wuya take, bayanin da ake rubutawa kuma 'yan layuka ne. Sai daga baya, da aka yi ta gwada samfurori da juna, aka wayi gari sunayen nan uku, macrophthalma da longicornis da thoracica, duk suna yawo a littattafan noma a kan babban ƙudan shinkafa guda ɗaya.

Ƙa'idar da malamai suka ajiye domin warware irin wannan rikici ita ce, suna mafi daɗewa shi ke da haƙƙi, sauran su zama laƙabi a ƙarƙashinsa, da sharaɗin a tabbatar cewa ƙudan da aka fara raɗa wa sunan shi ne wanda ake magana a kansa. Tabbatar da wannan sharaɗi ne ya jawo saɓani mai tsawo, shi ya sa har yau za ku ga wani littafi ya rubuta longicornis, wani ya rubuta macrophthalma. Illar wannan ba ƙarama ba ce, domin malamin gona da ya karanta binciken da aka yi a Saliyo da suna ɗaya, da wanda aka yi a Malawi da wani sunan, yana iya zaton ƙwari biyu ne, ya rasa amfanin haɗa ilmin wuri guda.

Akwai kuma akasin wannan, watau suna ɗaya a kan ƙudaje da yawa. Diopsis apicalis, wanda shi ma ake samu a shinkafa a Afirka ta Yamma, ya fi na farkon ƙanƙanta, kuma yana da baƙin ɗigo a ƙarshen kowane fiffike. Shekaru da dama duk ƙudan da aka kama a nahiyar nan mai irin wannan ɗigo akan jingina masa wannan suna, har sai da wasu malamai biyu na taskar Naturalis da ke birnin Leiden a ƙasar Holan, Hans Feijen da Cobi Feijen, waɗanda suka shafe shekaru masu yawa a kan wannan dangi, suka sake duban masu ɗigon, suka nuna cewa nau'o'i ne daban-daban. A 2012 suka bayyana ɗaya daga cikinsu, na Afirka ta Kudu da ƙasar da a lokacin ake kira Suwazilan, suka kira shi Diopsis stuckenbergi, domin girmama marigayi Brian Stuckenberg, wani babban malamin ƙudaje na can ƙasar.

Sharuɗɗan da'awar sabon nau'i

Idan aka ce an gano sabon nau'i, ba ana nufin yau aka halicce shi ba. Yana nan tun fil azal a inda Allah ya ajiye shi, watakila ma mutanen wurin sun daɗe da saninsa, abin da ya rasa shi ne bayani da suna a cikin littattafan ilmi. Da'awa ce, kuma kamar kowace da'awa, hujja tana kan mai yin ta. A ganina wannan shi ne abu mafi daraja a cikin wannan fanni duka, fiye da sunayen Latin masu nauyi a harshe: cewa ba a karɓar maganar mutum saboda girmansa, sai an ga abin da ya gani, an auna abin da ya auna.

Aikin yana farawa da kamu. Akan share saman shinkafa ko ciyawar bakin ruwa da raga mai laushi wadda aka ɗaura a sanda, da sassafe ko da yamma, a nemi maza da mata masu yawa, domin ɗaya tak ba ya nuna iyakar bambancin da ke tsakanin 'yan nau'i guda. Wasu akan busar da su a soke da siririyar allura, wasu a zuba a kwalba mai sifirit. Sa'an nan sai takardar shaida, wadda ita ce ran aikin: sunan gari da fadama, ranar kamu da wata da shekara, shukar da aka same shi a kai, da sunan wanda ya kama. Samfurin da ba shi da wannan takarda daidai yake da ruwayar da ba ta da isnadi, ana iya kallonsa, amma ba a gina hukunci a kansa.

Daga nan sai tahƙiƙi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Malami yakan bi wani jerin tambayoyi da magabatansa suka tsara, kowace tambaya amsarta biyu ce: fiffike na da ɗigo ko babu, ƙirji na sheƙi ko ya dushe, ƙayoyin baya a miƙe suke ko a lanƙwashe, akwai 'yan haƙora a gefen fuska ko babu. Kowace amsa tana kai shi ga tambaya ta gaba har ya isa ga suna. Idan ya isa ga suna kuma siffofin duka suka dace, magana ta ƙare, tsohon nau'i ne. Idan kuwa hanya ta tsaya ba suna, ko ta kai shi ga sunan da bai dace ba, wannan zato ne ya samu, ba yaƙini ba tukuna.

Domin zato ya zama yaƙini sai an yi awo. A wannan dangi akan auna tazarar da ke tsakanin ido da ido a gwada ta da tsawon jiki, a maza daban a mata daban, a kan ƙudaje da yawa, domin kowane nau'i yana da nasa ƙiyasi. A ƙudan shinkafa namiji da mace ba su bambanta sosai ba. Amma a wani nau'i na ƙasar Malesiya mai suna Teleopsis dalmanni, tazarar idanun babban namiji takan zarce tsawon jikinsa duka, kuma bincike ya nuna cewa da dare, idan suka taru a kan saiwoyin da ke rataye a bakin rafi, mazan kan fuskanci juna ido da ido, mai gajeren tsinke ya janye, matan kuma su fi taruwa wurin mai dogo. Bayan awo akan ƙirga 'yan ƙayoyin da ke cinyar gaba, a zana tsarin fiffike, sa'an nan a fiɗe ƙarshen cikin namiji a duba al'aurarsa, domin a wurin ƙudaje wannan gaɓa ita ce shaida mafi ƙarfi: nau'i biyu na iya yin kama ƙwarai a zahiri, amma da wuya siffar wannan wuri ta zama ɗaya. Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya yaɗa hanyar, akan ƙara da karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, mai haruffa kimanin 650, wanda ake iya cirowa daga ƙafa guda, a gwada shi da na sauran nau'o'i. Wannan shaida ce mai ƙarfafawa, ba ta ɗauke wa malami wajibcin duban jikin ƙudan.

Akwai sauran mataki guda, shi ne mafi wahala, kuma tsallake shi ne ya haifar da suna uku a kan ƙuda ɗaya. Dole malami ya koma ga dukan sunayen da aka taɓa raɗawa a jinsin tun daga 1775, ya karanta bayaninsu, ya nemi ganin ainihin samfurorin da aka raɗa sunayen a kansu, waɗanda da yawa suna ajiye a Landan da Faris da Istokholm da wasu biranen Turai, har ya tabbata babu ɗaya da ya yi daidai da nasa. Idan ya kammala wannan, sai ya zaɓi ƙuda guda daga cikin waɗanda ya kama, ya ayyana shi samfurin asali, wanda sunan zai rataya a wuyansa har abada, ya ajiye shi a taskar da kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani. Sa'an nan ya rubuta cikakken bayani, ya faɗi fasalin da ya raba shi da makusantansa, ya bayyana a fili cewa sabon suna yake raɗawa, ya aika wa mujallar ilmi, inda wasu malaman fannin za su duba kafin a buga. Kundin ƙa'idojin raɗa sunayen dabbobi na duniya, wanda bugunsa na huɗu ya fara aiki a farkon shekarar 2000, shi ya shimfiɗa sharuɗɗan ingancin suna. Sunan yana iya fitowa daga siffar ƙwaron, ko daga wurin da aka same shi, ko a girmama wani da shi, amma ladabin malamai ya hana mutum ya sa sunan kansa.

Kada ku zaci ƙofar nan ta rufe. A ƙasar Hangari, a tsakiyar Turai, inda malaman ƙwari suka yi ƙarnuka suna bincike, sai a 1997 aka bayyana Sphyracephala europaea, ƙuda mai gajeren tsinke da aka samu a bakin wani kogi kusa da birnin Szeged. A 2017 aka kafa sababbin jinsi biyu na wannan dangi daga tsibirin Madagaska. Ba mu cewa akwai sabon nau'i a fadamar Rima, domin faɗin haka ba hujja saɓa wa darasin ne tun daga tushe. Abin da muke cewa shi ne, ba a sanin abin da ke wuri sai an kama, an rubuta, an auna.

Ina ruwan manomi da wannan duka?

Amsar tana cikin abin da ya faru da wani ɗan ƙuda daban, wanda tsutsarsa ke sa ganyen shinkafa ya naɗe ya zama bututu kamar ganyen albasa, karan ya ƙi fitar da kai. An daɗe ana ɗaukarsa ɗaya ne da wani makamancinsa na Asiya, sai a 1982 malamai biyu, Harris da Gagné, suka tabbatar cewa na Afirka nau'i ne mai zaman kansa, suka kira shi Orseolia oryzivora. Da ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki a 1988, wannan rarrabewa ta nuna amfaninta, domin ire-iren shinkafa da yawa da ke jure wa na Asiya ba su jure wa namu ba, ya zama dole a nemi iri mai juriya a nan gida, aikin da masu bincike a Ibadan da Badeggi ta ƙasar Nufe suka sa hannu a ciki. Kuskuren suna yana iya zama kuskuren iri, kuskuren iri kuwa asarar damina ce.

Game da ƙuda mai ido a kan tsinke, saninsa da kyau ya koya wa malamai haƙuri. Binciken da Hans Feijen ya yi a gonakin shinkafa na Malawi a shekarun 1970 ya nuna cewa wani ɗan mitsitsin zanzaro, wanda ido da ƙyar yake ganinsa, yana sa nasa ƙwai a cikin ƙwan ƙudan ya kashe shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Shi ma sabon nau'i ne a lokacin, aka kira shi Trichogramma kalkae. An kuma ga cewa shinkafar da ta sami ruwa da taki isasshe takan mayar da karan da aka kashe mata tun tana ƙarama da sababbin 'ya'ya, har asarar ta ragu ƙwarai. Inda shuka ta raunana saboda ƙishi ko yunwa, ko ƙudan ya yi yawa fiye da kima, asara tana tabbata. Saboda haka manomin da ya ga 'yan busassun ganyen tsakiya ya ruga ya sayo maganin feshi, ba tare da ya tsaga kara ya ga mai laifin ba, yana iya kashe kuɗinsa, ya kashe zanzaro da gizo-gizon da ke yi masa aiki kyauta, ya kuma zuba guba a ruwan da kifi da dabbobi da mutanen da ke zaune ƙasa da gonarsa ke amfani da shi. Wannan ɓarna ce da shari'a da hankali duka ba su yarda da ita ba, kuma ina ganin hakkin malaman gona ne su riƙa faɗin haka a fili.

Aikin da ke kanku

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, kafin zama na gaba, kowa ya shiga gonar shinkafa mafi kusa da shi, tasa ko ta maƙwabci da izininsa, da sassafe, ya tsuguna ya duba ganye da ciyawar bakin kwata. Wanda ya sami ƙuda mai ido a kan tsinke ya kama shi a hankali ya sa a kwalba mai tsabta, ya rubuta takardar shaidarsa cikakkiya, da boko ko da ajami, ya duba ko fiffikensa na da baƙin ɗigo ko babu, ya ɗauki hotonsa idan yana da waya. Wanda bai samu ba ya rubuta inda ya duba da ranar da ya duba, domin rashin samu shi ma ilmi ne idan an rubuta shi. Kowa kuma ya zaro kara biyar masu busasshiyar tsakiya, ya tsaga, ya faɗa mana ko tsutsar da ya gani mai ƙafa ce ko marar ƙafa. Abin da ya shige mana duhu za mu haɗa shi wuri ɗaya mu miƙa wa malamin gona, mu roƙe shi ya isar da shi ga malaman ƙwari na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko ga taskar ƙwari ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kada kowa ya zo da kwalba ba takarda.